Kare Lafiyar Ma'aikata a Wuraren Aikin Fasahar Nano: Tambayoyi da Amsoshi

An shirya wannan shafi ne domin ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje da masana'antu, da shugabanninsu, da jami'an kula da lafiya a wurin aiki, waɗanda aikinsu ya haɗa su da kayan nano. Tambayoyin da suka shafi numfashi sun fi samun dogon bayani, domin ta nan mafi yawan haɗarin yake shigowa.

Mene ne kayan nano, kuma su wane ne ke mu'amala da su?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Ana kiran abu kayan nano idan ɓarɓashinsa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100 a ƙalla ta fuska ɗaya, wato a tsawo ko faɗi ko kauri. Kaurin silin gashin ɗan Adam yana kai wa nanomita 80,000 ko fiye, saboda haka ido ba ya ganin irin wannan ɓarɓashi, kuma madubin gwaji na yau da kullum ma ba ya nuna shi ɗaya-ɗaya. Tarayyar Turai ta fitar da ma'anarta a shekarar 2011, ta sabunta ta a 2022, inda take ɗaukar abu a matsayin kayan nano idan rabin adadin ɓarɓashinsa ko fiye ya faɗa cikin wannan ma'auni.

Masu mu'amala da su sun fi yadda ake zato yawa. Akwai masu bincike a jami'o'i da masu sarrafa garin a masana'anta, amma akwai kuma masu haɗa fenti da man kariya daga rana, da masu ƙera batir, da masu yin taya da robobi masu ƙarfi, da masu feshin rufin gilashi da bango. A bayan waɗannan duka akwai masu shara da masu gyaran injuna da masu kwashe shara, waɗanda sau da yawa ba a sanya sunansu a jerin mutanen da za a ba horo.

Idan sinadarin sananne ne tun da daɗewa, me ya sa ƙanƙantarsa za ta sauya haɗarinsa?

Dalili na farko shi ne faɗin fuskar da ke haɗuwa da jiki. Dunƙule mai siffar akwati wanda kowane gefensa santimita ɗaya ne yana da fuska murabba'in santimita 6 kacal. Idan aka yayyanka wannan dunƙulen zuwa gutsattsari masu gefen nanomita 10, nauyinsa bai ƙaru ba ko kaɗan, amma jimillar fuskarsa ta kai murabba'in mita 600. Tunda a kan fuska ne sinadari yake aiki da ruwan jiki da ƙwayoyin halitta, giram ɗaya na garin nano yana iya tayar da kumburin da giram ɗaya na garin da aka saba da shi ba zai tayar ba.

Dalili na biyu shi ne halin abu da kansa yana iya canzawa idan ya ƙanƙance haka. Zinariya, wadda aka sani da launin rawaya da rashin saurin haɗuwa da wasu sinadarai, takan ba da jan launi a cikin ruwa idan ɓarɓashinta ya koma na nano, har ta zama mai hanzarta haɗuwar sinadarai. Wannan canjin hali shi ne abin da masana'antu suke nema, kuma shi ne ya sa bai kamata a ɗauki tsohuwar takardar bayanin haɗarin wani sinadari a ce ta wadatar ga sigarsa ta nano ba.

Ta wace hanya suke shiga jikin ma'aikaci?

Babbar hanya ita ce shaƙa. Ƙura mai kauri takan faɗi ƙasa cikin daƙiƙu ko mintuna, kuma hanci da maƙogwaro sukan tare mafi yawanta. Ɓarɓashin nano kuwa yana iya zama a cikin iska na sa'o'i, yana bin duk inda iska ta nufa, kuma wani kaso mai yawa nasa yana isa har cikin ƙananan jakunkunan huhu inda iskar oksijin take shiga jini. A can akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye baƙon abu su fitar da shi, amma ba su cika kama ɓarɓashi mai ƙanƙanta sosai da kyau ba, don haka wani sashe yakan shige cikin naman huhu ya daɗe. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa ɗan kaɗan yana iya tsallakawa cikin jini ya kai hanta da saifa, kuma wani bincike da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa a jikin ɓeraye ɓarɓashin kabon da aka shaƙa yana iya bin jijiyar sansanar ƙamshi ya isa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan hanci.

Fata lafiyayya shinge ce mai kyau ga yawancin waɗannan kayan, amma fatar da ta tsage ko take da ƙyasbi ko ƙuna ba ta da wannan ƙarfi, haka ma idan kayan suna cikin ruwan sinadari mai ratsa fata. Haɗiya kuma takan faru ne ta hannun da ba a wanke ba, shi ya sa ake hana ci da sha a wurin aiki.

Gaskiya ne siraran bututan kabon suna iya yin illa irin ta asbesto, ma'adinin nan mai zare da aka daɗe ana sa shi a kayan gini?

Wasunsu, ba dukansu ba. Tun bayan da masanin Japan Sumio Iijima ya bayyana waɗannan bututai a 1991, an ƙera su iri-iri: masu bango ɗaya da masu bango da yawa, gajeru da dogaye, masu cukurkuɗewa da miƙaƙƙu masu tauri kamar allura. Wannan rukuni na ƙarshe ne ya fi tayar da hankali. Abin da ya sa zaren asbesto yake kisa shi ne siririntaka da tsawo da ƙin narkewa a jiki: ƙwayar garkuwa takan yi ƙoƙarin haɗiye zaren da ya fi ta tsawo, ta kasa, ta ci gaba da fitar da sinadaran kumburi, har a kwana a tashi tabo ko ciwon daji ya samu a tantanin da ke lulluɓe da huhu. A 2008 masu bincike a Edinbara ta Birtaniya sun nuna cewa dogayen bututan kabon masu bango da yawa sun haifar da irin wannan kumburi a tantanin cikin ɓeraye, alhali gajeru da cukurkuɗaɗɗu ba su yi haka ba. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya wani nau'i guda mai suna MWCNT-7 cikin rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa su haddasa ciwon daji ga mutane, sauran nau'o'in kuma ta ce hujjojin ba su kai a yanke musu hukunci ba.

Kada a fahimci wannan magana ta ƙarshe a matsayin wanke su. Ciwon dajin da asbesto ke kawowa yakan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 40 ko fiye da fara shaƙa, kuma yawancin masana'antun bututan kabon ba su kai wannan shekaru ba. Jiran hujja daga jikin mutane yana nufin jiran ma'aikata su kamu, kuma a ra'ayinmu babu shugaban aiki mai mutunci da zai zaɓi wannan hanya alhali ga matakan kariya a hannu.

An taɓa samun ma'aikatan da suka cutu?

Rahoton da aka fi ambata ya fito a 2009 daga wani asibiti a Beijin ta ƙasar Sin. Mata bakwai da ke aikin feshin wani sinadarin roba a wata masana'anta sun kamu da taruwar ruwa a ƙirji da tabon huhu bayan watanni suna aikin, biyu daga cikinsu suka rasu, kuma an ga ɓarɓashin nano a samfurin huhunsu. Masana da dama sun yi jayayya da ɗora laifin duka a kan ɓarɓashin, domin ba a auna iskar ɗakin ba, kuma akwai tururin wasu sinadarai a wurin. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne yanayin aikin: ɗaki ne marar taga, na'urar fitar da gurɓatacciyar iska ta lalace tsawon watanni ba a gyara ba, matan kuma ba su da takunkumin da ya dace. Ko da wane sinadari ne ya fi yin ɓarnar, gyaran na'ura ɗaya da ya rage ta ƙwarai.

Waɗanne ayyuka ne suka fi fitar da ɓarɓashi cikin iska?

Duk aikin da ake yi da busasshen gari a buɗe. A lura da mai awo a gaban sikeli: ya buɗe murfin kwalba, ya sa cokali ya ɗebo, ya ɗan bubbuga cokalin a bakin faranti don sauran ya zube. Garin bututan kabon ba shi da nauyi kuma yana ɗaukar lantarkin gogayya, saboda haka yakan manne a safar hannu da jikin kwalba, wani kuma ya tashi sama daidai inda fuskar ma'aikacin take, tunda ya sunkuyo ne don ya karanta lambobin sikelin. Ba ya ganin komai, ba ya jin wari, bai yi tari ba, amma ya shaƙa.

Haka abin yake wajen zuba gari cikin injin gauraya, da cika buhu, da buɗe tukunyar sarrafawa don kankare abin da ya manne a bangonta, da canza matacin iska wanda ya tara ƙurar watanni. Kayan da ke cikin ruwa sun fi aminci, amma amincin yana gushewa idan ana feshi da su, ko ana girgiza su da na'urar amo mai tarwatsa dunƙulen ɓarɓashi, ko kuma ruwan ya zube ya bushe ya koma gari. Waɗanda aka kafe cikin roba ko siminti ko fenti ba sa fita da kansu, sai lokacin yanka da hudawa da gogewa da injin, inda ƙurar da ke tashi takan ɗauko gutsattsarin da suke ciki.

Akwai iyakar da aka ƙayyade ta yawan abin da za a iya shaƙa?

Akwai ga kaɗan daga cikin kayan, kuma mafi yawansu shawara ce ba doka ba. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawara a 2011 cewa kada garin taitaniyom dayoksaid na nano ya wuce miligiram 0.3 a kowace mita kubik ta iska, alhali garinsa na yau da kullum an ba shi miligiram 2.4. Sinadari ɗaya ne, amma iyakar ta ragu sau takwas saboda ƙanƙanta. A 2013 ta sanya maikirogiram 1 (kashi ɗaya cikin dubu na miligiram) a mita kubik ga bututai da zaren kabon, a matsakaicin aikin sa'a 8, sannan a 2021 ta sanya maikirogiram 0.9 ga azurfar nano.

A ɓangaren doka, Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni ba da bayani na musamman kan sigogin nano a ƙarƙashin dokar sinadarai ta REACH tun daga farkon 2020, Faransa kuma tun 2013 take buƙatar masu ƙerawa da shigowa da rarrabawa su bayyana kayan nano duk shekara idan sun kai giram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na kare ma'aikata daga kayan nano a 2017, inda ta gina shawarwarinta a kan taka-tsantsan da kuma fifita kariya daga tushe.

To idan kayan da muke aiki da shi ba shi da iyakar da aka sani fa?

Wannan shi ne halin da mafi yawan wuraren aiki suke ciki, kuma akwai hanyar da aka tsara dominsa. Ana sanya kayan cikin rukunin haɗari ta hanyar amsa tambayoyi: zare ne ko dunƙule, yana narkewa a ruwa ko ba ya narkewa, asalin sinadarin yana da guba ko yana haddasa ciwon daji? Sai a sanya aikin cikin rukunin yiwuwar shaƙa bisa yawan kayan da ƙurarsa da tsawon lokacin aiki. Haɗa biyun ne ke nuna matakin kariya, daga iskar ɗaki ta gama-gari, zuwa na'urar zuƙa a bakin aiki, zuwa killacewa gaba ɗaya, zuwa neman ƙwararre. Hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da bayanin wannan tsari a 2014. Ƙa'idar da ke riƙe da shi ita ce duk tambayar da ba a san amsarta ba ana ɗaukar ta a matsayin haɗari babba har sai an sami bayani.

Da wane mataki ya kamata a fara?

Da tambayar ko aikin zai yiwu ba tare da busasshen gari ba. Sayen kayan a cikin ruwa ko a matsayin ƙullu ko ƙwayoyin roba da aka riga aka gauraya yana kawar da mafi munin matakin aikin baki ɗaya, haka ma zaɓen gajerun bututai maimakon dogaye idan za su biya buƙata. Bayan wannan sai killacewa: rufaffen layin sarrafawa, ko akwatin gilashi mai safofin hannu a jikinsa, ko ƙaramin ɗakin awo mai zuƙar iska a hankali ta cikin mataci nau'in HEPA, mai tare ɓarɓashi ƙanana sosai. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, wato ɗauka cewa ƙara ƙarfin zuƙa yana ƙara kariya. A rumfar zuƙar hayaƙi ta ɗakin gwaji, iska mai gudu sosai takan yi juyi a gaban ƙirjin ma'aikaci ta watsa garin, har ta dawo da shi waje. Shi ya sa ake gwada rumfar da hayaƙin gwaji yayin da mutum yake tsaye yana motsa hannu yadda yake yi a aikinsa.

Sai kuma tsarin aiki: rage yawan mutanen da ke shiga wurin, rubuta hanyar yin kowane aiki, sanya alama a kan kowane mazubi, da horo a harshen da ma'aikaci yake fahimta. Kayan kariya na jiki su ne na ƙarshe a jeri, domin su kaɗai ne amfaninsu ya dogara ga mutum ya sanya su daidai a kowace rana.

Takunkumi zai iya tare abin da ya ƙanƙance haka?

Zai iya, kuma dalilin yana ba mutane da yawa mamaki. Mataci ba ya aiki da girman ƙofofinsa kawai. Ɓarɓashi mai ƙanƙanta sosai ba ya tafiya a miƙe, domin ƙwayoyin iska suna ta bugunsa yana karkacewa nan da can, har ya ci karo da zaren matacin ya manne. Ana gwada matacin HEPA ne da ɓarɓashi mai kusan nanomita 300, wanda yake kusa da girman da ya fi wuyar kamawa, kuma dole ya tare kashi 99.97 cikin ɗari. Takunkumin N95 yana tare aƙalla kashi 95, FFP3 aƙalla 99, P100 kuma 99.97.

Raunin yana gefen fuska. Iska takan bi hanya mafi sauƙi, don haka ɗan gibi a gefen hanci ko ƙarƙashin haɓa yana zubar da amfanin mataci mafi tsada. Wajibi ne a gwada dacewar takunkumi da fuskar kowane mutum. Mai gemu ba zai sami mannewa mai kyau ba, kuma mafita a gare shi ita ce hula mai injin hura tatacciyar iska, wadda ba ta buƙatar manne wa fata. Takunkumin asibiti na tiyata da na yadi ba a yi su don wannan aiki ba.

Safar hannu da tufafi fa?

Safar roba nau'in naitiril ta wadatar ga yawancin ayyuka, matuƙar tana jure ruwan sinadarin da kayan ke ciki, ana kuma canza ta akai-akai, a ninka biyu idan aikin mai haɗari ne. Rigar aiki marar saƙa da ake yarwa ta fi ta auduga, domin gari yana shiga tsakanin zaren saƙa. Kada rigar aiki ta bi mutum zuwa gida, don kada iyalinsa su shaƙi abin da ba su san da shi ba.

Yaya ake share wurin, musamman idan gari ya zube?

Ba a sa tsintsiya ko buroshi a busasshen gari, kuma ba a hura shi da matsattsiyar iska, domin dukansu suna mayar da shi cikin iska. Ana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma daga gefen wurin zuwa tsakiya, ko a yi amfani da injin zuƙar ƙura mai matacin HEPA da aka keɓe don wannan aiki, tunda injin na gida yakan zuƙa ta gaba ya fesar ta baya. Idan zubewar tana da yawa, a fitar da mutane, a rufe ƙofa, a bar wanda aka horar ya shiga da cikakken kaya. Tsumman da safofin da tsohon mataci ana sa su a jaka biyu a ɗaure tun a cikin rumfar zuƙa, a rubuta abin da ke ciki, a miƙa su a matsayin sharar sinadari.

Akwai haɗarin gobara?

Akwai. Garin ƙarafa irin su alminiyom, idan ya kai ƙanƙantar nano, ɗan tartsatsin lantarkin gogayya yana iya kunna shi, wasu ma suna kamawa da kansu idan sun haɗu da iska. Ana ajiye irinsu a ƙarƙashin iskar da ba ta ci da wuta, a haɗa injuna da waya zuwa ƙasa, kuma ba a kashe wutar garin alminiyom da ruwa.

Ta yaya za a san ko matakan kariyar suna aiki?

Sai an auna. Ana amfani da na'urar hannu mai ƙidaya ɓarɓashi a cikin iska don gano inda yake tashi da lokacin da yake tashi, amma na'urar ba ta bambance kayan masana'anta da hayaƙin injin dizal ko walda ko na'urar ɗumama ɗaki. Saboda haka ana auna iskar kafin a fara aiki da lokacin da ake yinsa, sannan a maƙala ƙaramin mataci a kafaɗar ma'aikaci kusa da hancinsa, a kai shi ɗakin gwaji a duba sinadarin da ya tara, a kuma kalli siffar ɓarɓashin da madubin lantarki. A maimaita awon duk lokacin da aka canza kaya ko inji ko yawan abin da ake sarrafawa, kuma a haɗa da ranar gyara da wanke injuna, ba ranar da komai ke tafiya lafiya kaɗai ba.

Wane gwajin lafiya ya kamata a yi wa ma'aikata?

Babu wani gwajin jini guda da aka amince da shi don gano illar kayan nano gaba ɗaya. Ga masu aiki da bututai da zaren kabon, NIOSH ta ba da shawarar ɗaukar tarihin lafiya da na aiki tun farko, da gwajin ƙarfin huhu, da hoton ƙirji na farko wanda za a riƙa kwatantawa da shi, sannan a riƙa bibiya lokaci-lokaci. Abin da ya kai wannan muhimmanci shi ne ajiye bayanin wanda ya yi aiki da me, a ina, na tsawon wane lokaci, da sakamakon awon iska, a adana shi shekaru masu yawa, domin cutar huhu mai jinkirin bayyana tana iya zuwa bayan mutum ya bar aikin.

Mene ne haƙƙin ma'aikaci idan ya ga ba a kiyaye waɗannan matakai?

Yana da haƙƙin sanin abin da yake taɓawa, da ganin takardar bayanin haɗarinsa, da tambayar ko takardar ta yi magana a kan sigar nano ko a kan asalin sinadarin kawai, domin da yawa daga cikin takardun ba sa bambancewa. Yarjejeniya ta 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta tanadi wannan haƙƙi na samun bayani da horo kan sinadarai, yarjejeniya ta 155 ta 1981 kuma ta kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da kyakkyawan dalilin ganin yana barazana ta kusa kuma mai tsanani ga rayuwarsa ko lafiyarsa. A 2022 ƙungiyar ta sanya amintaccen wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na ma'aikata. Yadda ake aiwatar da su ya danganta da dokar kowace ƙasa, amma matakin farko ɗaya ne: ya kai ƙorafinsa a rubuce ga shugabansa ko jami'in kula da lafiya ko wakilin ƙungiyar ma'aikata, ya ambaci aikin da kayan da ranar, ya riƙe kwafi, idan ba a ɗauki mataki ba ya kai ga hukumar duba wuraren aiki ta ƙasarsa.